Dubiyar Mushe Laminu

Sallama gare ku mata 'yan'uwana, waɗanda suka sha jinyar miji da waɗanda ba su sha ba tukuna. Sunana Rabi, a Tasawa nake aure, sana'ata mai da ƙuli-ƙuli. Maigidana yana jan motar haya tsakanin Tasawa da Maraɗi, duk garin nan Direba ake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Ya kwanta ciwo a azumin shekarar da aka ce korona ta shigo, kuma ya tashi, alhamdu lillahi. Amma har yau in aka tambaye ni abin da ya kwantar da shi sai in ce Allah ne masani, kuma ba kawaici nake yi ba. Ina rubuta wannan ne don wata ta ji yadda muka yi, kada ta yi irinsa.

Direba mutum ne mai son musu. In ka ce yau an yi rana, sai ya ce ba ta kai ta jiya ba. Da aka rufe masallatai, aka killace Yamai, fasinja suka ragu, sai ya samu abin da yake so. A fadar direbobi ta bakin tasha, inda suke shan shayi a gindin bedi, wato dogon-yaro, shi ne limamin masu cewa babu cutar. Hujjarsa ba ta canzawa. Italiya sun kulle kowa a ɗaka, sun mutu. Faransa sun kulle, sun mutu. Mu da muke cuɗanya a kasuwa kafaɗa da kafaɗa, muna cin tuwo kwano ɗaya, ina gawarwakinmu? Ya ce kullen ne ke kashe Turawa, ai ga wata ƙasarsu can sama da ta ƙi kullewa, kuma ba ta ƙare ba. Ya ce namu shugabannin kuɗin taimako suka hango.

Ni ma can ciki ina bayansa. Mutanen da ba su taɓa tambayar abin da muka ci muka kwana ba, yau su ne ke tsoron kada mu mutu? Na ce da walakin, goro a miya.

Mutum ɗaya ne ke iya tare shi, taubashinsa Mushe Laminu. Mushe muke ce wa malaman lakwal, wato makarantar boko, a nan. Uwar Mushe ƙanwar uban Direba ce, don haka tun suna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a shiga tsakaninsu. Mushe ya girme shi sosai, ya yi shekaru yana koyarwa a Issawane kafin ya yi ritaya ya dawo Tasawa da ciwon suga. Shi ne mutum na farko a unguwarmu da ya sa tela ya ɗinka masa takunkumi, kuma ba ya fita sai da shi. In sun gaji da musun tasha sai su ƙarasa shi a zaurenmu, ina jin su daga wurin suya.

"Abdu, kai lissahin kuɗɗin mota kaɗai ka iya," in ji Mushe, don shi da sunan yanka yake kiran Direba. "A Faransa ko kare ya mutu sai an rubuta. Nan hwa? Mutum ya cika da hantsi, kahin la'asar an kai shi. Wa ya gwada shi? Wa ya ƙirga shi? Ƙasar da ba ta awo ai kullum buhunta cike yake."

"To a kulle mu kamar kaji, mu ci mi?"

"Ban ce a kulle ka ba. Kulle irin nasu ba namu ba ne, wanga na yarda da kai. Mu yara sun hi yawa, waje muke kwana, wataƙila shi ya sa ta yi muna sauƙi. Amma tana nan. Kuma ba irinka take nema ba, ƙaton banza. Irina take nema, tsoho mai suga."

"Kai da radiyon Turawa ta riga ta kashe!"

Haka suke rabuwa kullum, ba wanda ya kayar da wani.

Makon farko na ciwon ba mu ɗauke shi komai ba. Direba ya dawo daga hanya jikinsa zafi rau, gaɓoɓi na ciwo. Ya ce palu ce, wato zazzabin sauro, duk da cewa a wannan zafin ko sauron kirki babu. Na sayo maganin palu a farmasi, ya sha bayan buɗa-baki, da asuba ya sake ɗaukar azumi. Daga baya na ji cewa a kwanakin ya kwaso fasinjan da suka tsallako daga Nijeriya ta hanyar daji. Da na tambaye shi ya ce tun yaushe na zama jandarma.

Abin da ya fara kaɗa ni ba zazzabin ba ne. Ranar nan ina toya ƙuli-ƙuli, ƙamshin da har layi na biyu ake jin sa, sai ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Yau ba ki yi aiki ba?" Na ce ga shi ina yi a gabanka. Ya shaƙi iska, ya sake shaƙa, ya koma ya kwanta. Da magariba ya ce miyata ba gishiri, alhali gishirin har ya so ya yi yawa. Na taɓa jin wannan alama a bakin Mushe, a wannan zauren namu. Ya ce alamar korona ce. Kwana biyu bayan haka tari ya zo, busasshe, kuma Direba ya koma tusa kansa cikin matashi in zai yi shi don kada maƙwabta su ji.

Wanda bai zauna a lokacin ba, ba zai gane tsoronmu ba. Ana ta cewa duk wanda aka laƙaba wa cutar za a zo a ɗauke shi, ba mai ganinsa, in ya mutu ba a ba danginsa gawar su yi masa wanka. Ban san gaskiyar wannan ba, amma kowa ya yarda da shi. Bayan wannan akwai abin da ba jita-jita ba ne. Direban da aka ce ya yi korona, wa zai sake shiga motarsa a rufe gilashi har Maraɗi? Mace wadda mijinta ya yi korona, wa zai ci ƙuli-ƙulin da ta murza da hannunta? Ga kuma Ɗan Lami, kamashon tasha, wanda ya daɗe yana so ya ba ƙanensa layin Direba. Ga bakin Direba da ya riga ya cika gari da cewa babu cutar.

A mako na biyu yayarsa, Yaya Tsahara, ta iso daga Urafane da ƙullin magunguna. Tazargade, wadda aka ce wata ƙasa da ita ta kori cutar, da citta da kanumfari da tafarnuwa, da ganyen bedi na sirace. Na yi murna da zuwanta, don jinyar namiji mai taurin kai ba aikin mutum ɗaya ba ce. Na ja ta gefe na ce ina ganin mu rufe ƙofa, mu ce likita ya ce ya huta, a bar dubiya sai ya ji sauƙi.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ki ruhe ƙohwa? A Tasawa? Rabi, gidan da anka hana dubiya ai an riga an hwaɗi sunan ciwon. Yau ki ruhe, gobe a zo da motar gwamnati."

Ban iya musa mata ba, don na san mutanenmu. A wurinmu marar lafiyan da ba a shiga gani, ko dai mahaukaci ne ko kuma abin kunya ke jikinsa. Don haka muka yi abin da har yau nake da-na-saninsa. Kullum bayan la'asar sai mu goge masa jiki da ruwan sanyi, mu sa masa riga mai guga da hula, mu ba shi zuma a ɓoye don ya riga ya ajiye azumi, mu jingina shi da bangon zaure. Sai a buɗe ƙofa. Mutumin da ya kamata a ce yana kwance yana hutawa, shi ne ke zaune yana amsa "ya jiki" har magariba, yana danne tari har idonsa ya kawo ruwa.

Ni kuwa ina bayan labule ina karanta fuskoki. Na koyi bambanta mai dubiya da mai leƙen asiri. Mai dubiya yakan zauna ya yi addu'a ya tashi. Mai leƙen asiri yakan zauna kusa da ƙofa, ya ɓoye hannu cikin riga, yana kasa kunne ga numfashi. Ɗan Lami bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba, kuma bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Matan da ke sayen mai a wurina suka fara cewa ai da sauran na jiya. Har maƙwabciyata da muke aron turmi, na fara zargin ita ke kai rahoto.

Mushe ba ya gari a farkon ciwon, ya je Mayahi kan takardun fanshonsa. Ranar da ya dawo ya zo, zauren a cike yake. Ya yi sallama da takunkuminsa a fuska, sai hira ta mutu. Kowa ya zuba masa ido. Shi ne mutumin da ya yarda da cutar, shi ya san alamominta. In ya tsaya daga nesa da ƙyallensa, an gama yanke hukunci, ba sai likita ya zo ba. Na ga Ɗan Lami ya gyara zama.

Direba ya yi ƙarfin hali. "Ga bawana nan da linzami a baki," in ji shi, amma kafin ya rufe baki tari ya ƙwace masa, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji.

Mushe ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa. Ya daɗe. Ya dubi Ɗan Lami, ya dubi sauran. Sai ya kai hannu bayan kunne ya cire takunkumin, ya ninke shi ya sa a aljihu. Ya ratsa mutane ya zauna a tabarmar Direba, gwiwa na taɓa gwiwa, ya kama hannunsa ya riƙe.

"Wanga?" in ji shi. "Wanga haƙƙin fasinja ne ya kama shi. Mutum shi loda goma sha a motar mutum bakwai, ya za a yi haƙarƙari bai yi ciwo ba? Korona ta masu hawan jirgi ce, kai ka ce. Kai ko jakin kirki ba ka da shi."

Zauren ya fashe da dariya. Na ji wani yana cewa, ai kuwa da ita ce da Mushe bai zauna nan ba.

Daga ranar nan kullum sai ya zo, kullum a wannan wurin yake zama, fuska buɗe. Shi ke tayar da musu. Ya kawo Amurka, ya kawo Sin, ya kawo zancen tsofaffin da ake cewa suna ta mutuwa a Kano. Direba ya ce, "Kullen ne..." sai numfashi ya yanke, Mushe kuma ya karɓe da dogon bayani har da Faransanci, bon kaza, donk kaza, har sai Direba ya samu iska. Mutane suna cewa Mushe ya cika surutu, ba ya barin kowa ya yi magana. Ba wanda ya lura cewa Direba ba ya iya kai jimla ƙarshe, sai ni da ke bayan labule.

Amma ku ji irin zuciyar da nake da ita a lokacin. Shi ma ban bar shi ba. Na ce anya ba hujja yake tarawa ba, don ranar da abin ya fito ya ce ai na faɗa muku? Na ce anya ba 'yan bokon nan ne ke kai suna wurin hukuma ba? In mutum yana ɓoye abu, kowa ɓarawo ne a idonsa.

Wata rana da mutane suka watse ya tsaya a bakin labule.

"Amarya," haka yake kirana don tsokana, ko da yake na aurar da ɗiya. "Ki buɗe tagogin ɗakinshi. Ki ware mashi kwano da kofi. In za ki shiga ki ɗaura ƙyalle a hanci, ke da Tsahara dut. Kuma mutumin ga asibiti yake so, ba tazargade ba."

"Mushe, kai da ka cire naka kake ce mini in ɗaura?"

"Ni zahi ya dame ni," in ji shi, ya sa takalmi ya tafi.

Mako na uku abin ya ƙwace mana. Daga ɗaki zuwa bayi sai Direba ya huta a hanya, dafe da bango. Leɓɓansa suka yi duhu. Yaya Tsahara ta lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar sirace, da muka yaye sai muka same shi ya yi laushi, ido ya juye. Ranar na yi mata maganar da ban taɓa yi wa dangin miji ba, ta yi kuka na yi kuka. Duk da haka da aka ce asibiti, Direba ya girgiza kai. Ya ce in an ga an fita da shi, ya gama aiki a tasha.

Mushe ne ya samo dabara. Ya bi ta tasha ya shaida wa kowa cewa sugarsa ta tashi, za shi Maraɗi a duba shi, kuma zai tafi da bawansa ya riƙe masa jaka, in ya so a duba masa haƙarƙarin nan a hanya ɗaya. Ya ɗauko mai mota daga wata unguwa. Da sassafe muka fita. Ni ina gaba, su biyu suna baya, kan Direba a kafaɗar Mushe tun daga Tasawa har Maraɗi, yana tari a wuyan rigarsa. Mushe ya sauke gilashi, ya ce ƙamshin direbobi ne ba ya so.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don akwai abin godiya akwai abin ƙorafi. Mun sha layi tun hantsi har rana ta take. Duk sanda Direba ya yi tari sai bencin ya zama namu mu kaɗai. Wani ma'aikaci ya wuce mu ya dawo ya wuce, kamar ba mutane ba ne a zaune. Amma likitan da ya gan mu, matashi ne, bai yi ƙyamarmu ba. Ya maƙala wa Direba wani ɗan abu a yatsa, ya duba. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirji. Da ya ambaci gwaji, Direba ya kama hannunsa yana roƙo da ido, don bakin ba ya iyawa.

Maganar likitan ta zauna mini har yau. Ya ce, "Madam, ko na ɗauka sai an aika, kuma kafin amsa ta dawo, ko ya tashi ko ya tafi. Zan rubuta nimoni, ciwon huhu. Amma ke ki ɗauka ita ce." Sannan ya juya ga Mushe ya tambayi shekarunsa, ya tambaya ko yana da wani ciwo. Da ya ji suga sai ya ajiye biro. "Baba, duk cikin mutanen nan kai ne bai kamata ka zo kusa da shi ba." Mushe ya ba shi amsa da Faransanci yana dariya, likitan bai yi dariya ba.

Na fito ina saƙe-saƙe. In ya yarda ita ce, me ya sa ya rubuta nimoni? In bai yarda ba, me ya sa yake tsorata ni? Tausayinmu ya ji, ko wahalar takardu yake gudu? Ko kuwa gaskiyar Mushe ce, haka ake yi a ko'ina shi ya sa lissafinmu bai da yawa? Ban samu amsa ba, kuma ba ni da lokacin nema.

Aka ba Direba ɗaki shi kaɗai, aka sa masa iska a hanci da ƙarin ruwa. Mushe ya koma Tasawa a ranar. Kowace safiya sabuwar takardar magani, har jarin man ya tafi, tunkiyata ta bi shi. Ban yi baƙin ciki ba, don abin da aka tara domin ranar wuya ne. Allah ya saka wa wata majo, ma'aikaciyar jinya, da alheri, dattijuwa mai faɗa, ita ta koya mini in riƙa kwantar da shi rub da ciki, kuma a nan na fara ganin ƙirjin yana sauka a hankali. Ita ce kuma ta kore ni daga ɗakin ta ce ta taga zan riƙa miƙa abinci. A nan ne Direba ya fara yin barcin kirki tun da ya kwanta, don ba mai cewa ya tashi ya sa hula.

Ko a can musun bai bar ni ba. A gindin itacen da masu jinya ke zama, kowa da wayarsa da ƙasarsa. Wata ɗanta na Aljeriya, ta ce an kulle su har abinci ya gagare su, yunwa za ta riga cutar. Wani ƙanensa na Kano, ya ce masu haƙar kabari sun gaji. Wani ya ce duk ƙarya ce, zafinmu ya fi ƙarfinta. Aka tambaye ni me ke damun nawa, na ce haƙarƙari.

Bayan sallah aka sallame mu. Direba ya dawo gida rigarsa na yawo a jikinsa, amma da ƙafarsa ya shiga zaure. Gari ya karɓi zancen haƙarƙari, mata suka dawo sayen mai, Ɗan Lami har da miƙa hannu. Yaya Tsahara ta ce, kin gani, da mun rufe ƙofa fa? Abin da Direba ya fara tambaya shi ne ina bawansa, don bai ga ƙeyarsa ba. Sai aka ce ai Mushe ba shi da lafiya, kuma ya sa an kulle gida, ba mai shiga. Liman ya je an mai da shi. Mutane suna ta gunaguni, wai girman kan 'yan boko ne.

Washegari da hantsi Direba ya ce sai ya je. Na bi shi, don har lokacin ba ya doguwar tafiya. Muka tarar da ƙofar zauren a rufe da sakata ta ciki. Ya buga.

"Buɗe, bawa. Ubangidanka ne."

Aka daɗe kafin murya ta fito, kusa da ƙofar, a shaƙe. "Ka tashi ke nan. Mugu bai mutuwa da wuri."

"Buɗe in gan ka."

"Ba ni buɗewa."

"Laminu, ni ka riƙe tun daga nan har Maraɗi, yau ka hana ni ganin huskarka?"

Sai tari, irin wanda na sani, wanda na kwana da shi na tashi da shi. Direba ya jingina goshi da ƙofar. Da tarin ya lafa Mushe ya ce, "Koma gida, Abdu. Ai kai ka ci musu. Ka ji radiyo ta ce wani ya kamu a unguwarmu?"

"Bar wannan zance."

"Yau kai ke cewa a bar zance? Lalle ciwo ya taɓa ka. Amarya na nan? Amarya, ja shi ku tahi, rana na yi."

Babban ɗan Mushe ya zo daga Damagaram ya kai shi asibiti, amma bai yi kwanaki ba Allah ya karɓi abinsa. Aka ce suga ce ta tashi. Aka kawo shi aka yi masa sutura kamar kowa, aka kai shi kafin la'asar. Direba ya tsaya a sahun gaba.

A zaman makoki ma sai da aka raba shi biyu. Masu cewa babu cutar suka ce ga shi nan, mai takunkumi ya tafi, marasa takunkumi suna nan. Masu cewa akwai suka yi ƙus-ƙus, ba su kama suna ba. Ni dai ban sani ba. Wataƙila nimoni ce ta kama Direba, wataƙila suga ce ta ɗauki Mushe, kwanansa ne ya ƙare. Har yau ban yarda da lissafin gwamnati ba, ban yarda da na fadar tasha ba, na Turawan ma ban ga wanda ya je ya ƙirgo ba. Direba ya koma hanya, kuma in aka matsa masa yakan ce kulle zalunci ne ga talaka, ina jin kuma yana da gaskiya a nan. Sai dai ban sake jin ya tambayi ina gawarwaki ba.

Abin da zan ce muku, 'yan'uwa, in naku ya kwanta da tari da sarƙewar numfashi, kowane suna ciwon ke da shi, ku rufe ƙofa ku kai shi asibiti. Ku bar gari ya yi magana, bakin mutane ba ya hana numfashi. Mu mun tsare sunanmu, kuma mun same shi cif, ba abin da ya taɓa shi.

Abu ɗaya ne a cikin wannan labari ba na shakka a kansa, shi ma ba da wuri na san shi ba. Ranar da Mariyama matar Mushe ta fita takaba na je mata barka da ɗan man da na matse. Tun rasuwar ba mu yi wata doguwar magana ba, ina jin nauyinta. Ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, muka gaisa. Can sai ta nuna zaure da haɓa.

"Kin san nan ya ƙare zamanshi? Tun ranar da ya hwara zuwa dubiyar mijinki bai sake shigowa cikin gida ba. Daga can ya tsaya ya ce in turo mashi tabarma da buta, in ware mashi kwano. Jikokinshi ma ta katanga yake gaisawa da su."

Na ce, "Tun ranar farko?"

"Tun ranar. Na ce mashi, Malam, in ka san ita ce, mi ya kai ka zama a tabarmarshi huska buɗe? Ya ce, Mariyama, in ban zamna ba, wa za shi sake shiga motar Abdu?"

Na tura man gabanta. Ta ɗauki kwalbar man ta duba, ta ajiye a gefenta.

"Yana samun fasinja?" in ji ta.

Na ce, "Yana samu."

"To, madalla," in ji ta, ta tashi ta shiga ɗaki.